Tela ba ya yanka sai ya auna

Mu goma sha ɗaya ne a adashinmu, yawancinmu malaman lakwal, sai matan ƴan kasuwa biyu da wata dattijuwa da ta iya kwarashi tun tana budurwa. Wata rana ɗaya daga cikinmu ta kawo shawara: maimakon kowane zama ya ƙare a shan lemu da hirar anko, mu riƙa saƙa hulunan jarirai muna kaiwa gidan haihuwa sadaka. Kowa ta yi na'am. Muka cire kuɗin zare daga asusu, muka fara a watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama a Tawa, ɗari na shiga ƙashi, tausayi kuma na tasowa da kansa. Ba mu gama ba sai ƙarshen Fabrairu. Aka ce a jira 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, don miƙawar ta yi armashi. Ranar ta zo wasu ba su karɓo ɗinkinsu daga tela ba, aka ɗaga. Ƙarshenta dai sai 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, muka ɗauki buhu biyu na hulunan ulu masu kauri muka nufi gidan haihuwa, rana na dukan ƙeya, zafi ya haura digiri 40.

Babbar ungozomar ta karɓe mu da fara'a. Aka yi jawabi, aka yi hotuna, aka yi addu'a. Da muka juya za mu tafi sai ta riƙe hannuna ta ce, "Madan, zo ki gani." Ta kai ni wani ɗaki inda wata yarinya, da kyar ta kai shekara goma sha takwas, take kwance da bakwaini a ƙirjinta. Ta zaro hula ɗaya daga buhunmu, mafi ƙanƙanta, wadda ni da hannuna na saƙa har da tuntu a kai, ta gwada wa yaron. Hular ta haɗiye shi har haɓa.

"Ɗiyata, Allah shi ba ku lada," in ji ta. "Amma wagga hula ta ɗan shekara guda ce. Da kun zo wurina kafin ku ɗauki kwarashi, da na ba ku awo." Ta miƙa hannu cikin ledar cefanenta ta fito da albasa guda, irin ta Galmi mai girma, ta ɗora min a tafin hannu. "Kan bakwaini bai wuce wannan ba."

Kafin in tafi ta buɗe min ɗakin ajiya. Kwali a kan kwali, wasu daga ƙasashen waje, rigunan sanyi masu maɓallai da igiyoyi, safa ƙafa ɗaya-ɗaya, barguna masu nauyin da za su danne jariri. Buhunmu biyu suka sami wuri a gefe.

Tun ranar nake da ra'ayin da zan faɗa a nan, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Saƙa da ɗinkin sadaka aiki ne mai kyau, ina so a ƙara yin sa a Tawa da Yamai da ko'ina. Sai dai yawancin yadda muke yin sa, mai bayarwa ake auna wa, ba mai karɓa ba. Mun zaɓi abin da muka iya saƙawa, launin da ya burge mu, ranar da ta dace da bikinmu, sannan muka je neman wanda za mu saka wa. Ko tela mafi ƙarancin gwaninta a kasuwar Lahadi ba zai sa almakashi a yadi ba sai ya ɗauki awo. Ban ga dalilin da zai sa talaka ya zama shi kaɗai ne ake yanka wa tufa ba tare da an auna shi ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Ostireliya, bayan malalar man fetur a teku a 2001, masu kula da wasu ƙananan tsuntsayen ruwa da ake kira fengwin a tsibirin Filif sun nemi a saƙa musu ƴan riguna, don tsuntsun kada ya lashi man da ya manne a gashinsa. Labari ya zaga duniya, riguna suka yi ta kwarara har suka ninka bukata nesa ba kusa ba, ƙarshe sai aka koma sanya su a jikin tsuntsayen wasan yara ana sayarwa don tara kuɗi. A gobarar dajin 2019 zuwa 2020 ma haka aka yi: mutane suka yi ta ɗinka safar hannu da jakunkunan goyo na dabbobin da suka ƙone, har sai da masu aikin ceto suka roƙi a dakata. Idan dabba ce, sai a yi dariya a wuce. Amma mu ma ana yi mana. A jihar Mishigan ta Amurka akwai ƙungiyar Little Dresses for Africa, wadda tun 2008 take mayar da rigar matashin kai ta zama rigar yarinya, ta aiko da miliyoyi zuwa Afirka. Ba na shakkar zuciyar tsofaffin da ke zaune a kan keke suna wannan ɗinki, kuma na tabbata akwai yarinyar da ta yi murna. Tambayata ɗaya ce: a nahiyar da kowace unguwa ke da tela yana hamma saboda rashin aiki in ba Sallah ta gabato ba, rigar yarinya ce abin da ya kamata ya ƙetare teku? Kuɗin jirgin kwali ɗaya zai sayi yadi a nan, ya biya mai ɗinki, yarinyar kuma a auna ta. Na fi sha'awar abin da ake yi a Afirka ta Kudu tun 2014, inda jama'a ke saƙa barguna da sunan Mandela, suna kirari da lamba 67 don tuna shekarun da ya yi yana wa jama'a hidima. A can ake saƙawa, a can ake rabawa, lokacin sanyinsu, ga mutanen da mai saƙar ke iya gani da idonta.

Wani zai ce, da babu gara ba daɗi. Na yarda, a ranar da gida ya rushe. A ambaliyar 2024, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan har aka ɗaga komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, wanda ya fito da zane ɗaya a jikinsa ba zai tsaya zaɓen launi ba. Amma mai saƙa ba a ranar ambaliya take aiki ba. Tana da watanni a gabanta. Wadda ta iya ba da awa biyar ga hula ɗaya ba za ta rasa rabin awa ta je ta tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan sha'ani mai ɗakin ita ce ungozoma, ko malamin makarantar allo, ko shugabar mata a sansanin ƴan gudun hijira.

Da na koma na tambaya, abin da na koya a zama ɗaya ya fi abin da muka yi wata uku muna tsammani. Jariri yana fitowa a jiƙe, kansa babba ne in aka kwatanta da jikinsa, don haka zafin jiki na saurin fita ta nan. Wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka sanyi ya fara cin sa, sai ya kasa shan mama, numfashi ya rikice. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan na faruwa ko a bazara, cikin dare, ƙarƙashin fanka, ko bayan wankan gaggawa da kakanni ke so a yi wa yaro da zarar ya faɗo, alhali shawarar likitoci ita ce a jinkirta wankan farko aƙalla awa 24. Ashe bakwaini na bukatar hula ko a watan Mayu. Hular ce dai ba irin tamu ba: ta zaren auduga ake so, mara nauyi, mai laushi, ba tuntu, ba duwatsu, ba igiyar da za ta naɗe wuya, ba manyan ramukan kwalliya da ɗan yatsa zai maƙale. Kuma dole ta jure wanki da ruwan zafi da jabel, abin da ulu na gaske ba ya jurewa, sai ya ƙanƙance ya zama kamar fata.

Akwai kuma goyon ƙirji, wanda likitoci ke kira dabarar kangaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, saboda kwalaben jarirai sun yi kaɗan. Ana ɗora bakwaini tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ba komai a jikinsa sai ƙunzugu da hula, wani lokaci da safa, a ɗaure shi da ƙyalle. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa. Ku duba kayan aikin: hula, safa, da majanyi mai ƙarfi da zai riƙe yaro a gaba maimakon baya. Duka uku mace ɗaya mai keke da kwarashi za ta iya yi a tsakar gidanta a unguwar Bilbis ta Tawa. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada dai wani ya ɗauka ina cewa hula ta ɗauke wa hukuma nauyinta. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a ƙasar nan, kuma kwalba da iskar numfashi da magani ba a saƙa su da kwarashi. Wannan wata magana ce, ta wata rana.

Yanzu ga tambayar da maigidana ya yi min, wadda na daɗe ban sami amsarta ba. Ya ce, "Ke Madan, kuɗin zaren hula guda zai sayi hula biyu a bosho. Wahalar ta mece ce?" Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya ga an fasa dila a farkon hunturu ya san babu mai saƙar da za ta yi gasa da gwanjo a farashi. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano yake shigo mana, tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina, abubuwa suka ƙara tsada, amma har yanzu rigar sanyin bosho ta fi ta hannu araha. Ni ba na cikin masu cewa a hana shi. Ƙasashen gabashin Afirka sun yi niyyar hanawa a 2016, Amurka ta matsa, sauran suka janye, Ruwanda kaɗai ta tsaya, aka dakatar da rangwamen harajin da tufafinta ke samu a kasuwar Amurka a 2018. Su suna da masana'antar da suke son karewa. Mu masaƙar Sonitextil ta Yamai, wadda daga baya ta koma Enitex, ta zama labari. Kakata tana kaɗi da mazari, da sakala aka kai mahaifiyata ɗaki, ni kuma bargon da nake rufa da shi daga Sin ya zo. In aka hana bosho yau, almajiri ne zai kwana da sanyi.

Amsar da na samu daga baya ita ce: to, a bar wa bosho abin da ya iya. Wanda ke son ya tufatar da almajirai ashirin kafin Janairu, ya je kasuwa ya zaɓo musu riguna masu kyau daidai jikinsu, ya wanke, ya kai. Ya fi sauri, ya fi araha, lada kuma ba ta ragu ba. Hannunmu kuwa mu ajiye shi ga abin da dila ba ta kawowa. Ba ta kawo hular da ta yi daidai da albasa. Ba ta kawo majanyin goyon ƙirji. Ba ta kawo likkafani ga baƙon da ya rasu ba dangi. Ba ta kawo ƙunzugun al'ada mai wankuwa, wanda ni a matsayina na malama na san darajarsa, domin na ga ɗalibai mata suna ɓacewa daga aji kwana uku ko huɗu kowane wata, kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Ba ta kawo shimfiɗa mai tsotse ruwa ga matan da ke fama da yoyon fitsari. Waɗannan duka ba su da kyau a hoto. Ba wadda za ta tsaya gaban kyamara tana ɗaga ƙunzugu. Ina jin shi ya sa muka fi son saƙa hula mai tuntu.

Sai batun da ya fi damuna, wato hannun wa ke yin aikin. Ni ina da albashi. In na zauna bayan la'asar na saƙa hula, lokacina na ba da, kuma ina da shi. Amma Adar, yankinmu, ƙasar cin rani ce. Maza na Abijan, na Libiya, na Aljeriya, na Najeriya, wani ya aiko, wani shekara biyu ba labari. Gidaje nawa ne a Tawa da Illela da Buza mace ce ke riƙe da su? Da yawansu an koya musu ɗinki. Kusan kowane shirin tallafin mata da ya zo, ɗinki da saƙa da haɗa sabulu yake koyarwa. A yi wata uku ko shida, a yi biki, a ba da takarda da keke. A Yamai ƙungiyar Dimol ta daɗe tana koya wa matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari sana'ar hannu kafin su koma gida, abin a yaba ne. Amma bayan biki fa? Na shiga ɗakuna da yawa na ga keke an lulluɓe shi da zane an ɗora kwanuka a kai. Mai shi ta iya ɗinki, wanda zai kawo mata ne babu, domin unguwar akwai irinta biyar, kuma masu kuɗi wurin tela namiji suke kai shaddarsu.

Ga mace da keke ba aiki, ga gidan haihuwa na neman majanyi, ga mai hali yana neman inda zai yi sadaka. Abin da ya rage kawai a haɗa su. Alhajin da zai ba da jika ɗari, ya ba da ita a sayi yadi a biya waɗannan mata su ɗinka, sai kuɗinsa ya yi aiki sau biyu: ya ciyar da gidan mai ɗinki, ya rufe jikin jariri. Tsarin da za a bi ma muna da shi. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 har ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ya nuna matan karkara sun iya riƙe akwati, sun iya lissafi, sun iya bin bashi. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya karɓar odar hula ɗari biyu ta raba wa ƴaƴanta ta kawo a kan lokaci. Abin da ba na so shi ne a tara matan da ba su da na cefane a ce su saƙa kyauta don Allah, a ɗauke su hoto, sunan wani ya fito. Ba a neman lada da gumin wanda ya fi ka bukata. Mai hali ta ba da lokacinta, mara hali a biya ta ladan aikinta, kuma a biya ta a ranar, ba sai an gama taro ba.

Addininmu bai bar wannan fage ba. A kaffarar rantsuwa, Alƙur'ani ya ambaci ciyar da miskinai goma ko tufatar da su. A cikin Suratul Baƙara an hana mu nufin mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido, an kuma hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Kuma akwai Uwar Muminai Zainab bint Jahsh. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa matansa cewa wadda za ta riga riskarsa ita ce mafi tsawon hannu, har suka riƙa gwada hannuwansu. Da Zainab ta riga su rasuwa suka gane tsawon na kyauta ne, domin tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Duk lokacin da na ji wani yana raina kwarashi a matsayin aikin matan da ba su da abin yi, ita nake tunawa. Haka kuma duk lokacin da na tuna hotunanmu na 13 ga Mayu, ayar gori nake tunawa. A ɗaya daga cikinsu an sa wata mai jego ta riƙe hula kusa da fuskarta, kwana ɗaya da haihuwa, ko ɗankwali ba ta gyara ba. Hoton ya zaga WhatsApp. Ba wanda ya nemi izininta, ni ma ban nema ba.

Mun rage mu bakwai yanzu. Huɗu sun janye da aka ce ba biki ba hoto, ban riƙe su a zuci ba, har yanzu muna adashi tare. Muna farawa a watan Agusta, cikin damina, lokacin da ba wanda ke tunanin sanyi, don kaya su isa kafin Nuwamba. Kafin a sayi dunƙulen zare ko ɗaya, biyu daga cikinmu sukan je su zauna da ungozoma su rubuto abin da ta ce da adadinsa. Bara ta ce hula ta ishe ta, majanyi take so da ƴan zannuwan shimfiɗa, sai muka ajiye kwarashi muka kai yadi wurin wasu mata uku masu keke a unguwarmu, muka biya su kan kowane guda. Ɗaya daga cikinsu mijinta shekara uku ke nan yana Libiya. Wani malamin allo da muka tambaya ya ce yaransa ba hula suke nema ba, abin rufa ne da tabarma, domin sanyin daga ƙasa yake tasowa, muka haɗa guntayen atamfar da teloli ke zubarwa aka yi musu mayafai masu ruɓi biyu. Akwai masu ce mana mu aika kaya arewa, wajen Tiliya, inda ɗarin Azawak ya fi namu cizo, ko Bangi inda waɗanda suka gudo daga Najeriya suke. Muna so. Muna jiran mu sami wadda ke zaune a can da za ta gaya mana awo.

Dattijuwar tamu, wadda ta fi mu iya kwarashi, ita ce ta fi shan wahalar sabon tsari, domin hannunta ya saba da kwalliya, hula ba fure a wurinta kamar miya ba gishiri ce. Ita ke riƙe da kwandon zare. A cikinsa kullum akwai albasa guda, duk hular da aka gama sai an gwada mata kafin ta shiga jaka. Makon jiya ta ɗago ta ta ga ta yi tsiro, ta miƙa wa jikarta ta ce a kai madafa, a kawo wata daidai ita.